Yadda Za Ka Rage wa A-kori-kura Shan Mai a Sanyin Kanada

Duk shekara idan Disamba ta tsaya, ƙorafi ɗaya ne ke kawo 'yan'uwanmu sababbin zuwa garejin da nake aiki a Winifeg: mota ta koma shan mai. Mutum ya sayi a-kori-kura da rani, Ford F-150 ko Ram 1500 ko Silverado, don aikin gini ko dakon kaya. Ya saba cikin tanki ya kai shi kwana goma, yanzu sati ma da ƙyar. Kafin ya iso wurinmu ya riga ya canja fulogi, ya zuba maganin wanke nozul, wani har sansa sabuwa ya saya da kuɗi mai tsoka, alhali babu abin da ya lalace. Yana yi mini ciwo in ga mutumin da ke tura wa iyaye kuɗi gida yana ɓarnar dala a kan ciwon da babu shi.

Sanyi yana da rabonsa a cikin tankinka, kuma babu bakaniken da zai hana shi ɗauka. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta auna cewa motar fetur a cikin gari tana rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na nisan da lita ke kai ta idan yanayi ya sauko daga digiri 25 zuwa digiri 7 ƙasa da sifili, kuma a gajeriyar tafiya ta kilomita 5 ko 6 asarar kan kai kashi 24. To mu a Manitoba digiri 20 ƙasa da sifili abin yau da gobe ne a Janairu, wani daren ya wuce 30. Amma abin da nake gani a gareji shi ne, kaso mai yawa na man da ke salwanta direba ne ke ƙona shi da kansa, ta hanyar ɗabi'un da ya taho da su daga gida ko ya kwaikwaya wurin maƙwabta. Wannan kason ne za mu bi mataki-mataki.

Kayan da za ka tanada

- Gejin auna iskar taya, naka na kanka, da ƙaramin famfon iska mai amfani da wutar mota.
- Ɗan littafi da biro, ko waya, don rubuta lita da kilomita.
- Littafin motar wanda kamfani ya haɗo ta da shi.
- Doguwar wayar wuta mai jure sanyi, wadda aka yi don amfanin waje, da soket mai agogo.
- Shebur da burushin share ƙanƙara.
- Ƙaramar na'urar OBD2, idan da hali. Ba ta da tsada, kuma ita ce ke nuna maka zafin inji na gaskiya.

Mataki na 1: Auna kafin ka taɓa komai

Allurar mai ba ma'auni ba ce, kuma ƙwaƙwalwar mutum ta fi ta ruɗi. Cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili. Ranar da ka sake cikawa, a bar famfo ya katse kamar wancan karon, ka rubuta lita nawa ta sha da kilomita nawa ka yi. Raba lita da kilomita, ka ninka sau 100. Misali, lita 75 a kilomita 500 ya zama lita 15 ke nan a kowace kilomita 100. Idan da rani 12.5 take ba ka, ƙarin kashi 20 ne, kuma wannan aikin sanyi ne kawai. Idan kuwa ta tashi daga 12.5 ta kai 20, akwai magana.

Ka yi haka sau uku a jere, domin cikawa ɗaya na iya faɗowa a satin da aka yi guguwa. Kada ka riƙa ƙara matsa famfo bayan ya katse don kuɗi su cika daidai: yana ɓata lissafi, kuma mai kan shiga tukunyar gawayin da ke tare tururin fetur ya lalata ta.

Akwai kuma abin da ba a hannunka yake ba. Fetur ɗin da gidajen mai ke sayarwa da sanyi ba irin na rani ba ne. Matatu suna ƙara masa sinadarai masu saurin zama tururi, kamar butan, don mota ta tashi da asuba, kuma litarsa ta gaza ta rani ƙarfi da kashi 1.5 zuwa 3. Sauya gidan mai ba zai canja wannan ba. Sayen fetur mai tsada ga motar da ba ta buƙatarsa ma haka.

Mataki na 2: Daina barin inji yana aiki mota na tsaye

A nan mafi yawan kuɗin ke tafiya, don haka zan daɗe a kai.

Fetur ba ya ƙonewa sai ya zama tururi. A cikin inji mai sanyi, wani ɓangare na man da nozul ya fesa yakan manne a jikin ƙarfe ya koma ruwa. Kwamfutar mota ta san da haka, sai ta ƙara yawan man da take fesawa, ta kuma ɗaga ƙarfin juyawar inji, har sai ruwan lagireto da sansar salansa sun yi zafi. Duk tsawon wannan lokacin inji na shan fiye da ƙa'ida. Abin da muke so shi ne lokacin ya gajarta.

Sabon zuwa yana ganin maganin shi ne ya danna rimot daga ɗaki, mota ta tashi, ya tafi wanka da karin kumallo, bayan minti ashirin ya fito. Inji da ba ya jan komai ba ya samar da zafi mai yawa, saboda haka a hankali yake ɗumama. Giyabos da aksul da boris na ƙafafu kuwa ba sa ɗumama yadda ya kamata sai mota na tafiya. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Kanada ta ƙiyasta cewa inji mai girman lita 5, irin wanda ke cikin a-kori-kura da yawa, yana shan kusan rabin lita a kowane minti goma na tsayuwa. Yi lissafi da kanka: minti 20 da safe, 20 da yamma, lita 2 ke nan a rana, lita 10 a satin aiki, lita 200 a sati ashirin na sanyi, ba tare da taya ta juya ko sau ɗaya ba.

Ga yadda ake yi. Share ƙanƙarar da ke kan gilashi da fitilu da rufi tun kafin ka murɗa makulli. Tayar da mota, ka ba ta rabin minti zuwa minti ɗaya, ko minti biyu zuwa uku idan sanyin ya yi tsanani, don baƙin mai ya zagaya. Da zarar gilashi ya washe kana ganin hanya sarai, ja ta a hankali. Kada ka take totur da ƙarfi a kilomita 5 na farko. Idan gilashi bai washe ba, jira. Ba a tsimin mai da ran mutane.

Gargaɗi, kuma ina roƙonka ka faɗa wa iyalinka: kada a taɓa barin mota tana aiki a cikin garejin gida, ko da ƙofa a buɗe take. Idan kuma dusar ƙanƙara ta taru a bayan mota, tone bakin salansa kafin ka tayar. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi. Mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa. Ana rasa rayuka ta wannan hanyar a Kanada da Amurka bayan manyan guguwa, har da yara da aka sa a mota su ji ɗumi yayin da uba ke haƙa hanya.

Mataki na 3: Yi amfani da hitar inji

Leƙa gaban motarka, kusa da lamba ko a bakin bonet, za ka ga wata 'yar waya mai kan filogi tana lilo. Yawancin motocin da aka sayar a Manitoba, Saskacewan da Albata suna da ita. Ƙaramar hita ce da ke zaune a cikin jikin inji tana ɗumama ruwan. Shi ya sa kake ganin soket a jikin turaku a wuraren ajiye mota na gidajen haya da ma'aikatu.

Idan sanyi ya kai wajen digiri 15 ƙasa da sifili, jona ta. Awa biyu zuwa uku kafin fita sun isa, wuce nan kuɗin wuta kawai kake ƙarawa, amfanin soket mai agogo ke nan. Inji zai tashi ba wahala, kwamfuta za ta rage fesa mai da wuri, hitar cikin mota za ta kawo ɗumi tun ba ka yi nisa ba, sai buƙatar doguwar tsayuwa ta kau da kanta.

Duba wayar kafin sanyi ya kama. Wadda fatarta ta tsage ko kanta ya ƙone tana tayar da gobara, an ga motoci da gidaje sun ƙone dalilinta. Wayar cikin ɗaki ba ta wannan aikin. Kuma ka rataya wayar a kan madubin gefen direba, don kada ka ja mota tana jone.

Mataki na 4: Haɗa aike-aikenka wuri guda

Kai yara makaranta, dawowa gida, fita kanti bayan awa biyu, sannan masallaci: tafiya huɗu ce, kowacce da inji mai sanyi. Ka haɗa su a fita ɗaya, ka fara da wuri mafi nisa don inji ya gama zafi, sauran ka bi su a hanyar dawowa. Gajerun tafiye-tafiye suna kuma tara ruwa da fetur a cikin baƙin mai. Idan ka buɗe murfin zuba mai ka ga wani farin kumfa mai kauri a ƙarƙashinsa, sau da yawa wannan ne dalili, kuma tafiyar rabin awa a babbar hanya sau ɗaya a sati tana ƙone shi.

Mataki na 5: Tamostat da ruwan lagireto

A Kano ko Maraɗi, idan mota ta fara zafi, abu na farko da bakanike da yawa ke yi shi ne cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan famfo. Ko a can ɗin kuskure ne, kuma mai Hilux da ke tashi da asubar hunturu a Jos ko Agadas yana biyan kuɗinsa a gidan mai bai sani ba. A nan kuwa kashe mota ne.

Tamostat ƙofa ce. Tana rufe hanyar lagireto har sai ruwa ya kai wajen digiri 85 zuwa 95, gwargwadon irin injin, sannan ta buɗe. Idan ta maƙale a buɗe, ruwa zai riƙa zagayawa cikin iskar da ta daskare, inji ba zai taɓa kai zafinsa ba, kwamfuta kuma za ta ci gaba da ƙara mai kamar yanzu aka tayar. Alamominta uku ne: allurar zafi ba ta kai tsakiya bayan tafiyar minti ashirin, ko ta kai sannan ta sauko idan ka hau babbar hanya, kuma hita na busa iska mai ɗumi-ɗumi maimakon mai zafi. Jona OBD2 ka kalli zafin ruwan kana tafiya, wani na riƙe maka waya. Idan ya tsaya a 60 ko 70, ko lambar P0128 ta fito, ka sami ɓarawon. A cikin duk abin da ke lalacewa ya jawo shan mai da sanyi, wannan na fi cin karo da shi, kuma gyaransa ba shi da tsada.

Ruwan lagireto kuwa dole ya zama mai maganin daskarewa. Rabi magani rabi tataccen ruwa yana jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, a yankinmu wasu kan kai maganin kashi 60. Ruwa zalla idan ya daskare kumbura yake yi ya tsaga jikin inji. Kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ko da hannunka na ƙanƙarewa a waje: ruwan ciki na da matsi, zai watso maka a fuska. Maganin kuma guba ne mai zaƙi, a nisanta shi daga yara.

Mataki na 6: Baƙin mai da man giya

Ka san yadda man ja ke daskarewa a kwalba da hunturu har sai an kai shi rana. Haka baƙin mai 20W-50 ke zama a cikin inji a nan. Na taɓa kwance matoshin baƙin man wata F-150 da aka jawo mana ita da safe, mai ita ya sa an yi masa juye da mai kauri don a gida haka aka saba. Man ya daɗe yana tsiyaya da ƙyar, a dunƙule, bai ko fantsama a tasa ba. Ka tuna cewa famfon mai sai ya tura wannan ta ramuka masu siririn gaske kafin ya isa saman inji.

Lambar da ke gaban W ita ke nuna yadda mai ke gudana da sanyi: 0W ya fi 5W, 5W ya fi 10W. Duba murfin zuba mai ko littafin mota, za ka ga 0W-20, 5W-20 ko 5W-30 a yawancin sababbin a-kori-kura. Bi abin da aka rubuta, ka zaɓi na sintetik. Mai kauri ba ƙarin kariya ba ne ga injin da aka ƙera don mai tsinkakke.

A-kori-kura ta fi ƙaramar mota shan wahala a nan, don tana da aksul na baya, na gaba, da akwatin fo-wil, kowanne cike da mai. Giyabos mai canja kanta ma takan jinkirta shiga manyan giya har sai manta ya ɗumama, shi ya sa kake jin inji na kuka a farkon tafiya. Ba lalacewa ba ce. Amma idan man aksul ya wuce lokacinsa, canja shi da irin wanda littafi ya ce.

Mataki na 7: Iskar taya

Iska tana takurewa da sanyi. Duk saukar digiri 5 zuwa 6, taya na rasa PSI 1. Wanda ya sa 35 a Oktoba ana digiri 10, ranar da aka wayi gari da 25 ƙasa da sifili zai iske 29, ba tare da ƙusa ta taɓa shi ba. Fitilar gargaɗi ba ta kamawa sai iska ta ragu da kusan kwata, don haka kada ka jira ta.

Auna sau biyu a wata, da safe, kafin mota ta motsa, a waje inda take kwana. Lambar da za ka bi tana kan takardar da ke manne a dokin ƙofar direba. Wadda ke jikin taya iyakar abin da tayar ke ɗauka ce, masu faci a gida sun saba mana da cika taya tam, amma a kan ƙanƙara taya mai tauri ba ta kama ƙasa. Mayar da murfin bawul, don ruwa kan daskare a ciki ya bar iska na zurarewa.

Tayoyin sanyi suna ƙara shan mai kaɗan. Duk da haka ka sa su. A Kebek ma doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Bayan a-kori-kura ba shi da nauyi, shi ke fara zamewa.

Mataki na 8: Fo-wil, kaya da gudu

Sa fo-wil a 4H idan hanya na da ƙanƙara, cire shi idan ka hau busasshiyar kwalta. Barin sa yana juya ƙarafunan gaba a banza, kuma a kwana za ka ji sitiyari na tirjewa, alamar ana murɗe akwatin fo-wil ke nan. Fo-wil na taimaka maka ka tashi ne kawai, ba ya ƙara wa birki komai.

Buhun yashi uku ko huɗu a kan aksul na baya suna da amfani, a ɗaure su don kada su zo gaba idan ka taka birki. Abin da ba shi da amfani shi ne bodi cike da dusar ƙanƙara da ta danne ta yi tauri, wadda kan kai kilo 300. Kwashe ta. Ƙanƙarar da ke maƙalewa a bayan taya ma a buge ta.

Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. A digiri 20 ƙasa da sifili ta ɗara ta digiri 20 sama da shi da kusan kashi 16, kuma gaban a-kori-kura faffaɗa ne. A hanyar Winifeg zuwa Rijaina, inda fili ne fetal iska na kaɗawa, bambancin gudun 100 da 120 a tanki kake ganinsa.

Mataki na 9: Wuta da birki

Maɓallin share hazon gilashi yana tayar da kwampireson esi. Idan gilashi ya washe, mayar da iska ƙafa. Hitar gilashin baya da ta kujera duk altaneta ke ɗaukar nauyinsu, kashe wadda ka gama da ita. A gwada batir kafin Nuwamba.

Gishirin da ake watsawa a titi yana sa birki tsatsa ya riƙe. Bayan tafiya, zagaya motar ka kusanto da tafin hannu kusa da kowane wili, ba tare da ka taɓa ba. Wanda ya fi sauran zafi, ko yake warin ƙuna, birkinsa na jan ƙafa.

Mataki na 10: Idan motarka ta dizal ce

Dizal na da kakin da ke daskarewa ya toshe filta. Gidajen mai a nan suna sauya shi da mai tsinkakke idan sanyi ya gabato, kuma shi ma litarsa ta gaza ta rani ƙarfi. Haɗarin yana kan wanda ya cika tanki a Satumba ya ajiye mota, ko ya sha mai a kudancin Amurka ya nufo arewa. Maganin hana daskarewa ana zuba shi kafin man ya kama, ba bayan nan ba. Kada ka kuskura ka haɗa masa fetur: famfon sababbin injuna ba ya yafe wannan.

Jira fitilar hitar fulogi ta mutu kafin ka tayar. Injin dizal ya fi na fetur jinkirin zafi, doguwar tsayuwa kuma na cika matatar hayaƙi da toka, sai kwamfuta ta ƙona ƙarin mai don wanke ta. Ruwan DEF, wanda ke tsabtace hayaƙi, yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, amma tankinsa na da hita, kada ka zuba masa komai kuma kada ka cika shi maƙil. Mayafin da ake sa wa gaban mota yana taimaka wa dizal sosai, sai dai a cire shi idan za a ja tirela mai nauyi ko yanayi ya sassauta.

Idan ka bi waɗannan har cikawa uku, ka ga ƙarin da ke kan lissafin rani bai wuce kashi 15 zuwa 25 ba, motarka lafiyarta ƙalau, zai sauko da kansa a Afrilu. Idan ya haura kashi 30 alhali ka daina doguwar tsayuwa, ko fitilar inji ta kama, ko kana jin warin ɗanyen fetur, ko baƙin hayaƙi na fita, kawo ta gareji. Ka taho da littafin da ka rubuta litocin, ka ce a fara da duba zafin ruwa, sansar salansa da birki, kuma a nuna maka abin da na'ura ta karanta kafin ka yarda a canja ko da ƙusa ɗaya.